Shekarar da Baba Ya Ga Hanya Biyu

Mahaifina direban babbar mota ne. Shekara da shekaru ya yi yana jigila tsakanin Tawa, Agadas da Arlit, a kan kwaltar nan da ake kira hanyar uraniyom: gero da shinkafa da siminti zuwa arewa, albasar lambunan Abzin zuwa kudu. A farkon shekarun 1990, lokacin tawaye, mota ba ta fita ita kaɗai, sai an taru an yi ayari, soja gaba soja baya. Mu da ke gida abin da muke jin tsoro ke nan, bindiga da masu tare hanya. Babu wanda ya kawo a ransa cewa abin da zai sauke Baba daga mota yana yawo a cikin jininsa.

Wata rana da la'asar motar ta tsaya a ƙofar gida, amma yaron motarsa ne a kan sitiyari. Baba ya sauko yana dafa ƙofa, ya runtse ido ɗaya. Ya ce tun da suka baro Arlit motar da ke gabansa ta zama biyu, gefe da gefe, kuma ya rasa wadda zai bi. In ya rufe ido ɗaya sai ta koma ɗaya, in ya buɗe sai ta sake rabuwa. Da suka doshi gari, hasumiyar babban masallaci, wadda kowane ɗan Agadas yake hangowa tun daga nesa ya san ya iso gida, ita ma biyu ya gan ta.

Inna ta ja shi bakin haske ta ce, "Malam, ku dube ni." Idon dama ya kwanto wajen hanci. Ta matsa zuwa damarsa, idon hagu ya bi ta, na dama ya zo tsakiya ya cije. Ba ja, ba kwantsa, ba hawaye, sai ɗan ciwo a bayan idon wanda ya ce bai taka kara ya karya ba. Da dare da ya zo zuba shayi, shi da yake ɗaga buta sama ya zuba a ɗan kofi ko ɗigo bai zuba ƙasa ba, sai ga shayi a kan tabarma. Ya ajiye butar, bai ce komai ba. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarsa ba sai ranar.

Kafin gari ya waye kowa ya kawo fassararsa. Gwaggo ta ce iska ce, ai mai kwana a daji ba ya rasa taka inda bai kamata ba. Abokansa na tasha suka ce jifa ce, akwai masu baƙin cikin motar. Aka kawo rubutu ya sha, aka yi hayaƙi, aka sa tozali. Ya je wani ɗakin shan magani, aka leƙa idon aka ba shi na ɗigawa. Ba a ɗaura masa abin awon jini a hannu ba, ba a tsaga yatsarsa an duba sukari ba. Shi da kansa ya gano dabarar da ta fi taimaka masa: ya riƙa jawo gefen rawaninsa ya rufe idon, in kuma ya buɗe sai ya karkata fuska zuwa dama, don a haka ne abubuwa suke haɗewa su zama ɗaya.

Motar ta koma hannun wani, abinci ya ragu a gidanmu. Baba ya wuni a zaure yana jan carbi. Sannu a hankali tazarar da ke tsakanin abu da ɗan'uwansa ta riƙa raguwa, wajen wata uku sai idon ya miƙe sarai kamar ba a yi ba. Aka yanka rago, aka yi sadaka, aka gode wa Allah da malamin da ya yi rubutu. Baba ya koma hanya, ya koma kan shayinsa mai zagaye uku, kowane zagaye da sukari kamar a tsaya da cokali. Yawan ƙishirwa da tashin dare zuwa bayan gida, muka ce ai zafin Agadas ne. Bayan wasu shekaru ya faɗi a tasha, ɓarin jikinsa ya shanye. A ranar aka fara auna shi, aka ce ciwon sukari da hawan jini sun daɗe da yin gida a jikinsa. Bai sake tuƙi ba har Allah ya karɓi abinsa.

Sai da na je Damagaram karatun aikin jinya na fahimci abin da ya faru a zaurenmu. Jijiyoyin saƙo guda 12 ne suke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa a kowane ɓangare na kai, uku daga cikinsu aikinsu juya ido: ta 3, ta 4 da ta 6. Kowane ido yana da tsoka 6 da ke riƙe da shi, kamar akalar raƙumi, in ɓangare ɗaya ya saki sai ɗayan ya fizge kan zuwa wajensa. Jijiya ta 6 tsoka ɗaya tak take umarta, wadda ke jan ido waje, wajen kunne. In ta mutu, tsokar da ke ja ciki ba ta da abokin gardama, sai ido ya kwanta wajen hanci. Idanu biyu suka daina kallon wuri ɗaya, ƙwaƙwalwa ta karɓi hoto biyu. Idon Baba lafiyarsa lau, shi ya sa maganin ɗigawa bai da abin da zai yi masa. Ita jijiyar saƙon tana da ƙananan hanyoyin jini da ke ciyar da ita, sukari da hawan jini suna toshe su, sai ta suma. A wurin wanda ya haura shekara 50, wannan shi ne sanadin da aka fi gani, kuma galibi takan farfaɗo da kanta cikin wata uku, wani lokaci har shida.

Ranar da malaminmu ya faɗi wannan adadin na wata uku, na kasa ci gaba da rubutu. Ba ni da ƙorafi a kan malamin da ya yi wa Baba rubutu, ko a kan Gwaggo. Addu'a tana da muhallinta, kuma su suka tsaya da shi lokacin da ba shi da abin kamawa. Abin da ke ci mini rai har yau shi ne warkewar da kanta ta rufe mana ido. Jikinsa ya yi gargaɗi da babbar murya, gargaɗin ya wuce, muka ɗauka cutar ce ta wuce. Awon da zai tona asirin bai kai kuɗin man da motarsa ke sha daga gida zuwa tasha ba. Da an kama sukarin da hawan jinin a wancan lokaci, Allah ne masanin kwana, amma da an ba shi damar kare kansa.

Akwai wata maƙwabciyarmu kuma, da muke kira Iya, wadda nata ya zo da wata fuska. Ba ta tsufa ba, tana sayar da fura a ƙofar gida. Ta kwana da ciwon kai mai tsanani, da safe fatar idonta na hagu ta sauko ta rufe idon ruf. Da aka ɗaga fatar da yatsa, idon ya karkata waje da ƙasa, ɗan baƙin tsakiyarsa ya buɗe ya fi na ɗayan girma nesa. Mata suka ce ai irin na Malam ne, a yi haƙuri zai koma. Ba ta cika mako ba ta yanke jiki ta faɗi, aka yi mata sutura. Ba a yi mata hoton kai ba, amma alamomin nan duk wanda ya karanci fannin ya san inda suke nunawa. Jijiya ta 3 ita ce babbar ma'aikaciya: tsoka 4 cikin 6 a hannunta suke, ita ke ɗaga fatar ido, ita ke tsuke baƙin tsakiya idan haske ya yi yawa. Zaren da ke tsuke baƙin nan a bayan jijiyar yake kwance, don haka in wani abu ya danne ta daga waje, shi ke fara lalacewa. Abin da aka fi tsoro ya danne ta shi ne jijiyar jini da ta kumbura a gindin ƙwaƙwalwa tana shirin fashewa. Wanda nasa na sukari ne, galibi baƙin idon ba ya canzawa. Wanda ya buɗe, musamman da ciwon kai, maganarsa ta awoyi ce, a kai shi inda za a yi hoton ƙwaƙwalwa da na jijiyoyin jini. A zamanin Iya babu wannan na'ura a Agadas, Yamai kuma tana nesa da fiye da kilomita 900. Ko da an gane, da wuya ta isa. Amma ina so a daina cewa duk karkacewar ido iri ɗaya ce.

Sai kuma yara. A 1995 sanƙarau ya yi ɓarna a Nijar, a 1996 ya afka wa Kano da sauran arewacin Najeriya. A annobar 1996 zuwa 1997 an ƙidaya mutum fiye da 250,000 da suka kamu a Afirka, wajen 25,000 suka rasu. Cikin waɗanda suka tashi, wasu sun kurmance, wasu idonsu ya karkace, domin kumburin rigar ƙwaƙwalwa da matsin da ke ƙaruwa cikin ƙoƙon kai suna saurin taɓa jijiya ta 6 mai doguwar tafiya. Wani ƙaramin yaro a layinmu haka ya tashi. Yara suka laƙaba masa harara-garke, manya suka ce da sauƙi tunda ya rayu. Bai taɓa kukan gani biyu ba, aka ɗauka alheri ne. Ashe ƙwaƙwalwar yaro, in hoto biyu ya dame ta, sai ta yi watsi da na karkataccen idon, in aka daɗe a haka idon ya zama rago, ba ya koyon gani. Gyaransa shi ne a riƙa rufe ido mai lafiya na wasu awoyi kullum don a tilasta wa ragon aiki, kuma ya fi ci kafin yaro ya kai shekara bakwai ko takwas. Shi an bar shi ya wuce lokacin. Alhamdu lillahi, rigakafin MenAfriVac da aka fara a Nijar, Mali da Burkina Faso a ƙarshen 2010 ya karya lagon nau'in da ya fi yi mana kisa a da, ko da yake wasu nau'o'in suna nan.

Jijiya ta 4 ban san ta a yarinta ba, sai da na fara aiki. Ita ce siririya a cikinsu, buguwar kai kaɗan takan ishe ta. Tun da babura suka cika gari, aka kuma buɗe zinariyar Jado a 2014 samari suka bazama daji a bayan motoci, ana yawan ganin ta. Saurayi zai zo bayan haɗari, raunin ya warke, amma abu ɗaya yana hawa kan ɗaya, sama da ƙasa, ya kasa sauka daga matakala, ya kasa bin layin Alƙur'ani, kansa a langaɓe zuwa kafaɗa ɗaya. Iyaye su yi ta faɗa ya gyara wuyansa, alhali langaɓewar ce ke haɗa masa gani.

Maganin duka yana farawa ne daga neman sanadi: awon jini, awon sukari, duba baƙin ido da bayan ido da fitila, tambayar buguwa ko zazzaɓi, hoton kai in mutum yaro ne ko matashi, ko jijiya fiye da ɗaya ta taɓu, ko wata uku sun wuce babu sauƙi. Kafin jijiya ta farfaɗo, babba zai iya rufe ido ɗaya ko a manne takarda a gilashin tabarau, hakan ba ya cutar da idonsa, amma ya ajiye tuƙi. Akwai wata siririyar leda mai lanƙwasa haske da ake liƙawa a tabarau ta haɗe hotunan biyu idan tazarar ba ta da yawa. Akwai allurar Botox da ake yi wa tsokar da ta fi ƙarfi don ta sassauta na ɗan lokaci. Wani likitan ido na Amurka, Alan Scott, shi ya fara gwada ta a kan karkataccen ido, aka amince da ita a can a 1989, tun kafin ta yi suna a wurin masu gyaran fuska. In an kai wata shida zuwa shekara ido ya tsaya a wuri ɗaya bai koma ba, sai a yi aiki, a matsar da tsoka ko a rage tsawonta. Ba a ciro idon waje, kamar yadda ake tsorata mutane a zaure. Irin wannan aiki mutanenmu sukan neme shi a Yamai, wasu su gangara Kano, asibitin ido na ECWA da ƙafar ƴan Nijar ta daɗe da sanin hanyarsa.

Wannan na nesa ke nan, mai bukatar guzuri. Na kusa kuwa yana hannunmu: abin awon jini da na sukari yanzu akwai su a ƙananan asibitocin unguwa da kantunan magani da dama. Direbobinmu na tashar Arlit da ta Damagaram, da ku matan da kuke haɗa musu shayi, in maigida ya ce yana ganin abu biyu, ku karɓe makullin motar, ku kai shi a auna shi a ranar. In fatar ido ta faɗi, baƙin ya buɗe, ga ciwon kai, kada a kwana a gida. In kuma idon ya miƙe da kansa bayan wata uku, a yi sadakar godiya, sannan a ci gaba da shan maganin sukari da na hawan jini.