Kwana Tara a Ƙurewar Afirka: Teku, Dutse da Gonakin Inabi

Wanda ya yi shekaru yana zana taswirar Afirka a kan allo ya san wurin da alli ke tsayawa a can ƙasa, inda ƙasa ta ƙare ruwa ya soma. To, can muka yi hutun ƙarshen zangon karatu, a ƙarshen watan Agusta na 2025, mu malamai huɗu daga Kumasi, da kuɗin adashin da muka yi shekara biyu muna zubawa. Abin da ya sauƙaƙa mana shi ne tun Nuwamba 2023 ɗan Gana ba ya bukatar biza in zai yi gajeriyar ziyara Afirka ta Kudu. Daga Ankara zuwa Johannesbag wajen awa shida ne a jirgin sama, daga nan kuma awa biyu zuwa Kef Tawun.

Agusta a can ƙarshen hunturu ne, kuma hunturunsu shi ne daminarsu. Mun sha koya wa yara cewa kudancin duniya yanayinsa a juye yake, amma ji a jiki daban ne: sanyi da yayyafi a haɗe, rana ba ta ɓullowa sai bakwai ta gota.

Direban da ya yi yawo da mu Musulmi ne ɗan asalin birnin, dattijo mai yawan raha. Mutanensu na kiran babban wa ko dattijo da wata kalma da ake furtawa "buta". Da muka gaya masa abin da buta ke nufi da Hausa, ya yi dariya har ya tsayar da mota, ya ce ai ba laifi, abin alwala ne. Buta muka ci gaba da kiransa har muka rabu.

Dutsen da ya tsaya a kan birnin shi ake kira Dutsen Tebur, don kansa a shafe yake kamar an sa wuƙa an yanke. Tsayinsa ya ɗan haura mita 1,080. Wanda ya san duwatsun Kwahu da ake hangowa daga Nkawkaw, to ya ƙaddara an ɗauke su an dasa a bakin teku, an kuma ƙara musu tsawo. Ana hawa da wata ɗakin-mota mai tafiya a kan igiyar ƙarfe, wadda aka fara tun 1929. Ta yanzu tana ɗaukar mutum 65, kuma daɓenta na juyawa a hankali don kowa ya ga ko'ina. Kwana biyu muna jira iska ta lafa, don in ta yi ƙarfi rufe hanyar ake yi. A sama muka tarar da rema birjik suna shan hantsi a kan duwatsu, ba sa ko tsoron mutum. Masana sun ce a cikin dabbobin tudu giwa na cikin danginsu na kusa. Zulu da Kosa kuwa suna da karin magana cewa aike ne ya hana rema samun wutsiya, wai ranar rabo sai ta aiki wasu su karɓo mata. Wannan mun riƙe shi don ɗalibanmu masu ba abokai aikin gida su yi musu.

Kashegari muka bi gefen teku ta hanyar Chapman's Peak, wadda fursunoni suka sassaƙa a jikin dutse aka buɗe ta a 1922. Kilomita tara ce kacal, amma kwana 114 gare ta, dutse a hagu, rami da teku a dama. Ɗayanmu bai ɗaga kai ba har muka fita. A Kef Foyin muka ga jiminu suna kiwo dab da ruwan gishiri, ga birai manya waɗanda suka iya buɗe ƙofar mota. Mutane da yawa na ɗauka nan ne ƙarshen Afirka. A'a, ƙarshenta na Agulhas, gabas da nan.

Abin da ya fi tsaya mana a rai a bakin tekun shi ne tsuntsun da ake kira fengwin, a gaɓar Boulders kusa da garin Simon's Town. Tsuntsu ne da ba ya tashi, tsayinsa bai wuce gwiwar mutum da kaɗan ba, baya baƙi ciki fari, yana tafiya tsaye yana rangaji kamar liman ya sha sabuwar riga. Kukansa kuwa na jaki ne sak. A tudu abin dariya ne, amma da ya faɗa ruwa sai ka ga kibiya. Ma'aurata biyu ne suka fara zama a wannan gaɓa a 1982, yau kuwa an yi musu gadar katako don baƙi su kalle su ba tare da sun taka sheƙarsu ba.

Kallon na da daɗi, labarin ne babu daɗi. A farkon ƙarni na 20 waɗannan tsuntsaye sun haura miliyan. Aka yi ta kwashe ƙwansu ana ci, aka kankare tulin kashinsu daga tsibirai ana sayarwa a matsayin taki, alhali a cikinsa suke haƙa ramin ƙwai. A shekarar 2000 wani jirgin ruwa mai suna Treasure ya nutse, mansa ya shafe tsuntsaye wajen 19,000, sai da dubban 'yan sa-kai suka yi ta wanke su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu babbar matsalar yunwa ce. Ƙananan kifayen da suke ci, irin sadin, su ne jiragen kamun kifi ke kwashewa. Zuwa 2023 ma'auratan da suka rage a Afirka ta Kudu ba su kai 10,000 ba, kuma a Oktoba 2024 aka sa su cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa. A Maris 2025 kotu ta tabbatar da yarjejeniyar hana kamun waɗannan kifaye a kewayen mazauninsu shida har shekara goma. Mu da muka sha jin masunta a Elmina suna kukan cewa kwalekwale na dawowa wayam, mun gane maganar ba tare da tafinta ba. Bambancin kawai, tsuntsu ba shi da ƙungiyar da za ta je ta ga minista.

A Hermanus kuma muka ga dabbar nan mafi girma da ake kira wel, irin da ke zuwa daga tekun ƙanƙara tsakanin Yuni da Nuwamba don haihuwa. Ba sai an shiga jirgi ba, daga kan gaɓa ake ganin bayanta kamar tsibiri ya motsa. Garin na da sankira na musamman wanda ke busa ƙahon ciyawar teku in an hango ta.

Sai ƙasar inabi. Da farko mun yi ta ja-in-ja a kan ko mu je, tun da babu mai shan giya a cikinmu. Buta ya ce shi ma ba ya sha, amma kakanninsa ne suka dasa gonakin, don haka ba ya jin kunyar taka su. Wannan magana ita ta kai mu.

Kwarin Stellenbosch da na Franschhoek, gaskiya, idonmu bai taɓa ganin irinsu ba. Duwatsu masu shuɗi-shuɗi sun yi zobe, ga layukan inabi a miƙe kamar an ja su da rula, ga fararen gidaje masu rufin ciyawa da tsofaffin itatuwa a ƙofa. Da yake hunturu ne, kurangar ba ganye ba 'ya'ya, sai ƙirare a kan waya. Girbi sai Fabrairu da Maris. Mutanen Holan ne suka kafa zango a nan a 1652 don jiragensu masu zuwa gabas su sami ruwa da ganye, kuma a Fabrairu 1659 aka fara matse inabi. Gwamna Simon van der Stel ya kafa Stellenbosch a 1679, ya kuma yanki gonar Constantia a 1685. A 1688 wasu Faransawa da suka gudo daga rikicin addini suka zo aka ba su kwarin da yau ake kira Franschhoek, wato lungun Faransawa. Giyar Constantia ta yi suna har Napoleon yana sa a kai masa ita tsibirin da aka tsare shi.

Duk wannan yana rubuce a takardun da ake raba wa baƙi. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne ƙararrawar da ke rataye tsakanin fararen ginshiƙai biyu a tsofaffin gonaki. Ta bayi ce, da ita ake tashinsu. An kawo su daga Madagaska, Mozambik, Indiya da tsibiran Indonisiya. Abin da ya girgiza mu shi ne, a 1658 wani jirgi ya sauke bayi fiye da 200 da aka ɗauko daga gaɓar Dahomey, nan maƙwabtanmu. An soke bauta a 1834, amma sai 1838 aka sake su. Bayan nan sai aka riƙa biyan ma'aikata wani ɓangare na ladansu da giya, kofi-kofi, safe da rana da yamma. Doka ta hana a 1960, amma al'adar ta daɗe ba ta mutu ba, kuma har yanzu yankin na cikin wuraren da aka fi haihuwar yaran da giya ta lahanta tun suna ciki. Mu da muka san yadda yaro mai jinkirin fahimta ke wahala a aji, wannan ta fi komai ci mana rai. A 2012 ma'aikatan gona suka yi yajin aiki daga garin De Doorns, har a 2013 aka ɗaga mafi ƙarancin ladan yini daga rand 69 zuwa 105.

A wata gona muka zauna, aka kawo mana ruwan inabi marar bugarwa da cuku da burodi mai zafi. Baƙi na ta shinshina kofuna suna kurɓa suna tofarwa, mu kuwa idonmu na kan mata da maza da ke can cikin layuka da almakashi suna yi wa kuranga aski cikin yayyafi. Muka gangara muka gaishe su. Wata mai kimanin shekara hamsin ta nuna mana yadda ake yi: a kowane reshe ana barin ido biyu, sauran a datse, in an bar da yawa 'ya'yan su yi yawa su rasa zaƙi. Ta ce a gonar aka haife ta, a nan aka haifi uwarta. Gidan da take ciki na mai gona ne. Babban burinta ɗanta ya gama sakandare ya sami aikin da ba a tsaye ake yinsa ba. Da ta ji mu malamai ne, sai ta tambaye mu ko a ƙasarmu ma yara na gudun lissafi.

Ranar ƙarshe Buta ya kai mu gefen gonar Klein Constantia, inda a cikin itatuwa, kusa da wani ɗan rafi, akwai hubbaren Shehu Abdurrahman Matebe Shah, wanda mutanen Holan suka koro daga Sumatra a ƙarni na 17. Irin waɗannan hubbarori sun kewaye birnin, har da na Shehu Yusuf na Makassar da aka kawo a 1694. Muka cire takalma muka yi addu'a, ana jin ƙarar tarakta daga gona. Daga nan muka wuce unguwar Bo-Kaap mai gidaje kala-kala, muka yi Azahar a masallacin Auwal, wanda aka kafa a 1794, shi ne na farko a ƙasar. Matar Buta ta aiko mana da wani soyayyen fanke mai kirfa da kwakwa a ƙunshi, muka cinye shi a hanyar filin jirgi tun da sauran ɗuminsa.