Gurbin da aka bari

A wasan dara, tashi daga gurbi ya fi shiga gurbi haɗari. Masu yin ta a Sukukutane, kamar na sauran garuruwan Arewa, sun san haka tun suna yara. Gurabe 30 ake tonawa a rairayi, layi biyar masu gurbi shida-shida. Kowane ɗan wasa yana da ƴaƴa 12, wannan tsinken kara, wancan tsakuwa. Bayan an gama dasawa sai tafiya: taki ɗaya tak, gaba ko baya, dama ko hagu, ban da karkacewa. Wanda ya jera uku ya ci ɗa guda na abokin karawarsa.

Tsinken da ke zaune tare hanya yake yi. Da zarar kwaɗayin ci ya ɗaga shi, gurbinsa ya buɗe, tsakuwa ta faɗa ciki ta cika uku. Shi ya sa gwani ba ya ɗaga hannu sai ya duba abin da zai bari a baya.

Turawa ma suna da irin wannan doka, amma a rubuce. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka, wasan tebur ne da kowa ke ɗaukar matsayin wani jarumi. Bugu na uku, na shekarar 2000, ya shimfiɗa filin faɗa murabba'i-murabba'i, kowanne ƙafa biyar, ya kuma tsara cewa jarumin da ya fice daga inda makamin abokin gaba ke kaiwa ya ba shi damar sara, ko da juyinsa bai zo ba. Sai dai a can ɗan lido mai fuska 20 ne ke yanke ko saran ya samu. A dara babu sa'a. Wanda aka ci, lissafinsa ne ya gaza.

Wannan darasi bai kamata ya tsaya a gindin bishiya ba. Arewa ƙasar ƴan ci-rani ce, kuma ɗalibin da ke shirin barin aji ya nufi Legas ko Kwatano yana kallon gurbin da zai shiga ne kawai. Malamai da ƙungiyoyin al'adu suna iya shigar da dara farfajiyar makaranta ba tare da kashe ko dala ba: rairayi, kara da tsakuwa sun isa. Yaron da aka ci sau goma saboda gaggawar tashi zai soma tambayar kansa, kafin ya ɗau jaka, wa zai tsare gurbinsa a aji da gona.