Kan Marainiya

Ni dai ban jin Turanci sosai, amma akwai wata mata 'yar Amurka da in ƙanena ya kunna mini ita a waya sai na yi dariya har cikina ya ƙulle. Maya Rudolph sunanta. Yanzu ka ga ta zama Beyoncé, an jima ta rikiɗa ta koma Oprah Winfrey, ga murya kuma kamar ita ce mai waƙar. Shekara bakwai ta yi, daga 2000 zuwa 2007, a shirin barkwanci na Saturday Night Live da ake yi a New York, kafin nan kuwa kiɗa da amshi take yi a wata ƙungiyar mawaƙa. A 2011 ta fito a fim ɗin Bridesmaids, a 2020 aka ba ta kyautar Emmy saboda kwaikwayon Kamala Harris.

Wata rana na ce da shi, wai ni wannan Baturiya ce ko baƙa? Don na ga kowane ɓangare aka sa ta sai ta dace. Ya ce, “Yaya, ruwa biyu ce.” Mahaifinta Bayahude ne farar fata, mahaifiyarta kuwa Minnie Riperton, mawaƙiya baƙar fata, wadda waƙarta ta Lovin' You ta zo ta ɗaya a Amurka a 1975. Ciwon dajin mama ya kashe ta a 1979 tana da shekara 31, saura mako biyu 'yar ta cika bakwai.

To, duk wannan bai taɓa ni ba kamar zancen gashi. Ita da bakinta ta ba da labari a wata hira a 2018, cewa bayan rasuwar uwar, uban yana sonta iyakar so amma bai san yadda ake gyara irin gashinta ba, mai cika da murɗewa. Sai 'yan'uwan uwarta sun zo daga Chicago sannan a zauna a taje shi, tana ihu har maƙwabta suna ji. Ta girma cikin 'ya'yan Turawa tana jin kunyar kanta. Allah sarki! Ashe mai sa duniya dariyar nan haka ta tashi.

Wallahi jikina ya yi sanyi, domin ina da irinta a ɗakina. Abokiyar zamana, Allah ya jiƙanta, Shuwa ce 'yar Maiduguri, bara ta rasu wajen haihuwa ta bar yarinya 'yar shekara shida. Gashin uwarta ta ɗauko, dogo mai santsi, in na kitsa yau jibi ya warware. Nawa 'ya'yan kuwa in aka yi musu shuku sai ya yi mako biyu. Sai na fara cewa kanta ba ya riƙe kitso, in ɗaura mata ɗankwali kawai ta tafi makaranta. Ba na dukanta, ba na hana ta abinci, shi ya sa nake ganin na fita haƙƙinta. Maigidan ma bai taɓa lura ba, su maza ina ruwansu da abin da ke ƙarƙashin ɗankwali?

Daren nan da na kwance mata ɗankwalin, na tarar gashin ya dunƙule ta ƙeya kamar saƙar tsuntsu. Na lissafa, mako biyar rabon da in sa masa mataji. Ba ta taɓa yi mini magana ba ko sau ɗaya.

Washegari na aika aka kira mini wata tsohuwa 'yar garinsu da ke bayan layinmu. Na aje girman kai na zauna kusa da ita a tabarma, ta nuna mini yadda ake shafa man kaɗanya a bi shi da yatsa sili-sili tun daga ƙarshe kafin mataji ya shiga, da irin ƙananan kitson da ke zama a kai mai santsi. Mun kai la'asar. Da aka gama yarinyar ta ɗauki madubi ta daɗe tana kallo, sannan ta juyo ta ce, “Umma, irin na Ammi ne.”