Da aka hana masu jinya shiga

Duk wanda ya taɓa kwantar da nasa a asibitocinmu ya san ba likita kaɗai ke riƙe da mara lafiya ba. Akwai uwa ko ƙanwa da ke shimfiɗa tabarma a gindin gado. Ita ke kai takarda farmasi, ita ke dama kunu, ita ke yin fifita, in rai ya yi halinsa kuma ita ke lakanta kalmar shahada. Da korona ta shigo Nijar, ranar 19 ga Maris 2020, aka keɓe masu cutar, aka hana masu jinya shiga. Aikin bai tafi ko'ina ba. Ya faɗa kan waɗanda ke ciki, cikinsu har da yaran da bara-bara suka fito daga Jami'ar Abdou Moumouni.

Ɗaya daga cikinsu ɗiyar yayana ce, wadda na koya wa lissafi a koleji. A wani asibiti na Yamai take aiki a lokacin. Tana kirana da dare bayan dokar hana fita ta fara, ƙarfe 7 na yamma, sai mu gaisa, ta ce lafiya lau, ta yi shiru, ni ma in yi shiru. Sai bayan watanni ta fara buɗe baki.

Ba tsoron kamuwa ta fi ambata ba, ko da yake akwai shi, ga kuma rigar kariya cikin zafin Afrilu da azumi a baki. Abin da ya tsaya mata shi ne wani dattijo da ya riƙe mata hannu yana kiranta da sunan ɗiyarsa. Ta amsa. Ta ce mini: "Baba, da safar roba na riƙe shi, bai ma ga fuskata ba." Da ya cika, ita aka tura ƙofa ta faɗa wa ƴaƴansa, babban ya dube ta ya ce ai babu wata korona, kuɗin Turawa kawai ake ci da sunan ubansu.

Wannan magana ba a bakinsa kaɗai take ba, kuma mu duka mun sani. Mun ji ta a fada, mun ji ta a kasuwa, har a ofishin malamai na ji ta kafin a rufe makarantu. Da aka rufe masallatai an ƙona tayoyi a Yamai, an yi tarzoma a Mirriya. Ban raina zafin da mutane suka ji ba, domin hana Bahaushe jam'i ba ƙaramin abu ba ne. Amma yarinya mai shekara ashirin da ƴan kai, wadda ta kwana tana duba numfashin uban wani, ta fito a ce mata maƙaryaciya, wannan ciwo ne da ba a koya musu maganinsa ba a jami'a.

A gida ma ba ta samu sauƙi ba. Ita da kanta ta ware kwanonta da butarta, ta daina shiga ɗakin kakarta. Maƙwabta suka hana yaransu zuwa gidan. Mu kuwa manyanta, abin da ke bakinmu bai wuce "a yi haƙuri, aikin lada ne" ba, wanda gaskiya ne, sai dai yana rufe zance kafin a fara shi.

Mu malamai da iyaye, yaro ya yi ƙoƙari a aji mukan ce wannan likita ne, muna hangen farar riga da albashi. Yanzu in ɗaliba ta ce mini likita take so ta zama, nakan ba ta lambar ɗiyar tawa in ce ta kira ta. Har yau tana aikin, ta koma ɓangaren yara. Ta ce can aƙalla uwa tana zaune a gefen gado.