Sunayen 'Yan Amshi

A wani zaure da ke Tudun Wadar Zariya, daura da hanyar Kongo, akwai wani dattijo da ya shafe shekara talatin yana amshi a bayan wani mawaƙin kalangu. Mawaƙin ya rasu, ƙungiya ta watse, abin da ya rage a hannun dattijon shi ne kaset uku. A jikin kowanne suna ɗaya ne da hoto ɗaya, na maigidansu.

Wata ranar Juma'a jikansa, ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya kunna masa wani kundin waƙoƙin Turawa a waya. Kundin shi ne The Human Equation na shekarar 2004, wanda Arjen Lucassen ɗan ƙasar Holan ya tsara da sunan Ayreon. Mawaƙa goma sha ɗaya suka rera shi, kowa da rawar da yake takawa a labarin: wannan shi ne Tsoro, wancan Hankali, waccan Soyayya. Kiɗan bai burge dattijon ba, ya ce hayaniya ta yi masa yawa. Tambaya ɗaya ya yi: "Duka an rubuta sunayensu?" Jikan ya ce, "Duka, Kaka, har da mai busa sarewa." Dattijon ya daɗe bai ce uffan ba.

Haɗa hannu a kan waƙa ɗaya ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya wallafa Tabban Haƙiƙa da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, kuma tarihi ya riƙe sunayen su ukun. Rubutacciyar waƙa ta samu wannan gata saboda takarda na riƙe suna. Waƙar baka kuwa, da ta shiga faifai da kaset da gidan rediyo, sai aka taƙaita ƙungiya guda a kan mutum ɗaya.

Alhali duk wanda ya saurari Narambaɗa da kunnen basira ya san amshi ba maimaici ba ne kawai. Jagora kan fara ɗa, 'yan amshi su karɓe su yi ƙari, su kai shi gindin waƙa. A wajen Shata, amshi da kalangu ke riƙe zaren waƙa har ya numfasa ya ƙago abin da zai biyo baya. Dattijon ya rantse akwai ɗiyan da shi ya jefa a wani gidan biki a Sabon Gari, maigida ya ji daɗinsu ya riƙe. Yau in an naɗe su a kundin digiri, da sunan maigida za a kawo su, kuma ba wanda zai ce an yi ƙarya.

Da la'asar ta yi, jikan ya yago takarda ya ce a faɗo masa mutanen ƙungiyar. Su bakwai ne. Dattijon ya kawo shida da sunan uba da gari, da abin da kowa ke riƙe da shi. Na bakwai, mai ƙaramin kalangu, laƙabinsa kaɗai ya tuna, kuma duk sauran da za a tambaya sun riga mu gidan gaskiya. Jikan ya rubuta laƙabin, ya bar fili a gabansa, ya ninke takardar ya sa a cikin kwalin kaset.