Bindigar Kaka a hannun Kawu

A gidanmu na Nima akwai wata tsohuwar bindigar toka da kakanmu ya zo da ita daga arewa. Ta daɗe da daina tashi, kunamarta ta karye tun kafin a haife ni. Tana ƙarƙashin gado cikin buhu, kuma iskar teku ta Ankara ba ta raga wa ƙarfe, ga laimar damina da ke shigo mana daga babbar kwata. Ranar da Kawu ya jawo ta, tsatsa ta cinye bakinta ja wur, ƙotar kuma ta tsage.

Kawu kafinta ne a Mamobi. Ba harbi yake so ba, cewa ya yi abin kunya ne kayan mahaifinsa su ruɓe a gidan mai sana'ar itace. Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ni ne ɗan aike. Ya jiƙa ƙarfen da kananzir, ya bar shi ya kwana, sannan ya bi shi da tsumma a hankali. Nakan ƙosa in ce ya sa sanfefa mai kaushi a gama. Sai ya ce, "Kai yaro, tsatsa muke cirewa, ba ƙarfe ba."

Ƙotar ce ta fi cin lokaci. Ya liƙe tsagar da gam, ya ɗaure da igiya, ya kankare dattin shekaru da ɓallin kwalba, ya riƙa shafa mata man kaɗe da tafin hannu har itacen ya yi duhu ya fito da jijiyoyinsa. Wani abokinsa ya kawo fenti mai ƙyalli, Kawu ya ƙi. Fatar da Kaka ya naɗe ta da ita, da layar da ke ɗinke a jiki, da gurbin da babban yatsansa ya lotsa, duk bai taɓa ba. Har yau ina ganin gaskiyarsa, don na sha ganin tsofaffin kaya da aka shafe da fenti suka zama ba na kowa ba.

A bakinsa na fara jin cewa irin waɗannan bindigogi ta bakin teku suka shigo, daga hannun fatake irin Turawan Denmak da suka zauna a ganuwar Osu har suka sayar wa Ingila da ganuwar a 1850. Mu muna ɗauka kayan arewa ce, ashe kakanninta a nan kusa da mu suka sauka, suka hau zuwa Salaga da gaba, maƙera suka koyi ƙera nasu.

Kunamar dai bai gyara ba. Ya ce bindiga mai tashi sai da takardar 'yan sanda, kuma gida cike yake da yara. Da ya rasu, babban ɗansa ya tafi da ita Kumasi.