Ƙullin Iri a Tsakar Gida

Gidajen da ake ginawa yanzu a birni ba su da ƙasa. Ana gama ɗaura rufi sai a malale tsakar gida da siminti har bakin rariya, don kada damina ta kawo taɓo. Ban ga laifin masu yin haka ba, na san wahalar sharar tsakar gida mai ƙasa. Sai dai a gidan da na tashi a cikin birnin Zariya, da wuya ka leƙa bayan ɗakin mace ba ka tarar da 'yar shuka ba: ga yakuwa, ga rama, ga kabewa ta haye danga tana neman rufin madafa. Ba a kiran wannan lambu. Lambu na maza ne, a fadama, da jigo da guga. Wannan kayan miya ne kawai, wanda mace za ta miƙa hannu ta tsinka idan maigida ya fita bai bar kuɗin cefane ba.

Yanzu da tsufa ya zaunar da ni, gonata ba ta wuce faɗin tabarma biyu ba, kuma duk a kan siminti take: tsofaffin buhuna, bokitan da suka fashe, bahon wanki da ya tsage. Duk wadda ta zo neman shawara, abin da nake fara gaya mata shi ne kada ta yaudari kanta. Wannan ɗan wuri ba zai raba ta da mai kayan gwari ba. Gidan mutum goma ba ya ƙoshi da tumatirin buhu biyar. Abin da ƙaramin wuri ya iya shi ne ganye. Alayyafo kafin ya cika wata guda da 'yan kwanaki an fara yanka, kuma idan aka bar gindin da 'yan ganye sai ya sake tohowa. Haka rama, haka lalo da karkashi. Doddoya gindi ɗaya ya ishi unguwa. Mutum ya san iyakar abin da ke hannunsa, ya nemi abin da ya dace da shi, wannan ya fi masa kwanciyar hankali a shuka da ma abin da ba shuka ba.

Maganar ƙasa gajeriya ce. A haɗa ƙasa mai kyau da ɗan rairayi da takin da ya riga ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ƙona tsiro yake yi, sai an tara shi ya kwana biyu ya huce. A huda gindin bokiti don ruwa ya fita. Kafin a ajiye komai kuma a yini ana kallon inda inuwar katanga take faɗawa, domin yawancin kayan nan suna son rana ta kai awa shida a kansu.

Inda hira take da daɗi shi ne halin iri, don kowane da nasa. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, baƙaƙe, idan aka watsa su haka nan sai su taru wuri ɗaya; ana cakuɗa su da rairayi tukuna, a yayyafa, kada a binne da zurfi. Ƙa'idar da iyayenmu suka bi ba tare da sun karanta a ko'ina ba ita ce, ƙasar da za ta rufe iri kada ta fi kaurinsa sau biyu zuwa uku. Lalo yana da taurin kai: ƙwayarsa na iya kwanciya a ƙasa ta ƙi motsi, sai an ƙulle ta a ƙyalle an tsoma a ruwan zafi na ɗan lokaci kaɗan, an shanya, sannan ta farka. Kuɓewa a jiƙa ta ta kwana, a shuka ta inda za ta zauna, don ba ta son dashe, karas ma haka. Tumatir da tattasai da gauta kuwa reno suke so a ƙaramin mazubi, sai sun yi ganye huɗu ko biyar a dasa su, da yamma, bayan la'asar, don su sami dare guda su huta kafin rana ta same su.

Attaruhu shi ne mai gwada imani. Yakan yi mako biyu, wani lokaci uku, babu ko alama. Na ga mata da yawa sun tone da yatsa don su ga ko yana nan, su karya 'yar farar saiwar da ya fara fitarwa, su koma suna zagin mai sayar da iri. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare, kuma na ga iyaye suna yi wa 'ya'yansu irin wannan tonon, yaro bai gama aji biyu ba an yanke masa hukuncin daƙiƙanci.

Wani abin da ke yi wa sabon hannu wuya shi ne ragewa. Tsiro ya fito cunkus, kore shar, sai a ce mata ta cire fiye da rabi. Tausayi ya hana ta. Bayan mako biyu duk su yi tsayi, su rame, su kwanta. Ni dai ba na zubar da wanda na cire, cikin miya yake tafiya.

Sai lokaci. Tumatir ɗan sanyi ne a ƙasarmu: a rene shi da kaka, ya yi fure cikin hunturu. Wadda ta shuka shi ya riski bazara, watan Maris da Afrilu, za ta ga ganye ya yi kyau, fure ya fito, ya kaɗe, babu ɗa, saboda zafi ya yi masa yawa har da dare. Latas da lansir da karas ma hunturu suke so. Damina ta kuɓewa ce da rama da yakuwa. Yaran yanzu suna ɗauka tun fil azal ana jajjage kullum. Da ƙuruciyarmu miyar yau da gobe kuka ce da busasshiyar kuɓewa da daddawa, ɗanyen tumatir yana da lokacinsa, idan ya wuce sai kauɗa. Bayan da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa a Kadawa da Kura, tumatir ya cika kasuwa har manyan motoci na kwasa zuwa Kudu, bakinmu ya saba. A 2016 muka gane yadda ya saba, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonaki, har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Asalinta daga Kudancin Amurka ne, inda shi kansa tumatir ya fito. Tana shiga cikin naman ganye ta yi ta ci daga ciki, shi ya sa feshi bai cika samunta ba. A shekarar nan masu 'yar yakuwa da alayyafo a bayan ɗaki ba su ji jiki kamar sauran mutane ba.

A ƙaramin wuri ba na kusantar maganin feshi na kanti, don jikoki na wasa a nan, kuma ganyen yau za a ci shi yau. Ina duba bayan ganye da safe, in tsinke wanda ya kamu, in murje darɓa da hannu. Idan ta yi yawa in daka 'ya'yan darbejiya, in jiƙa su kwana, in tace, in yayyafa. Kaji da ƙadangaru kuwa tsohon gidan sauro ne maganinsu. Ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, don haka na ajiye baho inda nake alwala, da ruwan wankin shinkafa, duk na shuka ne. Na sabulu ban yarda ba.

Amma duk wannan aiki ne da kowa zai koya cikin damina ɗaya. Abin da ya ɗauke ni shekaru kafin in ga girmansa shi ne ajiye iri. Mahaifiyata tana da ƙulle-ƙulle na tsumma rataye a madafa, inda hayaƙi ke korar ƙwari, kuma kuɓewar da ta fi kowace kyau a gindin da ya fi kowane ƙarfi, ita ce ba a taɓawa. A ɗaura mata zare, a bar ta ta tsufa ta bushe a jikin uwarta. Kwanakin baya wani jikana ya ga tumatir ɗaya ya nuna jawur, na hana a tsinka, ya ce, "Hajiya, wannan rowa ce, mai kyan za ki bari ya lalace?" Na ce, "Maigidan, da ka kawo cefane yau da ka sami bakin magana." Wanda ya cinye mai kyau ya ajiye ragowa, bara zuwa bana shukarsa lalacewa za ta yi ta yi, kuma ba zai san dalili ba.

Irin tumatir ana matse shi a kofi da ruwansa, a bari kwana biyu ko uku ya yi tsami, santsin ya rabu da ƙwayar, a wanke, a shanya a inuwa. Sauran ma a inuwa, har sai sun bushe ƙayau, sannan a zuba a kwalba da ɗan toka a toshe. Laima ce babbar abokiyar gaba.

Akwai kuma abin da ya kamata a sani game da irin da ake sayarwa a ƙananan fakiti masu hoto. Wanda aka rubuta wa F1, aure aka haɗa tsakanin iri biyu, 'ya'yan farko su fito da kyau da yawa. Idan aka ajiye irinsu aka sake shukawa, jikokin sai su rarrabu, wani ya ɗauko can, wani nan. Ba ha'inci ba ne, haka halittarsa take, kuma ga manomin da ke neman cika kwando yana da amfani. Ni ba na raina ilimin zamani; a Samaru, nan kusa da mu, masana sun daɗe suna aikin inganta iri, kuma mun ci moriyarsu. Amma mai buhu biyar ta nemi irin da zai maimaita kansa, kamar tumatirin Roma ko na gargajiya, don kada ta koma kanti duk shekara.

Iri kuma ba a sayar wa maƙwabci, haka muka tarar. Wata shekara rufin ɗakin ajiyata ya yi yoyo ina asibiti, kwalabe da ƙulle-ƙulle duk suka ruɓe, har da wata jar yakuwa da na taho da ita daga gidanmu tun aurena. Da na dawo mata suna zuwa sannu, wata maƙwabciya ta ji labari, washegari ta aiko 'yarta da ƙulli a leda. "Inna ta ce in gaishe ki, wai ga yakuwarki." Ni har na manta na taɓa ba ta. Tun daga nan duk irin da nake ji da shi sai na tabbata yana gida uku ko huɗu ban da nawa.

Albasa ce kaɗai na sallama. Kafin ta ba da iri sai an shuka ta yi kai, a ajiye kan, a sake binne shi wata shekara ya yi fure, kuma ƙwayar ba ta daɗewa, bayan shekara ɗaya yawancinta ta mutu. Wannan aikin mutanen Galmi ne a Nijar da na Aliero a Kebbi, su da suka gaje shi. Nata saya nake yi, kaɗan, kuma kafin in zuba a ƙasa sai na ɗebi ƙwaya goma na naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle na mako guda. Idan bakwai suka tsiro in shuka. Idan uku ne, in aika yaro ya mayar wa mai shi.